Ganyen tumatir na nannaɗewa yana ƙonewa: wahala ce ko cuta?

Hajiya, kin ce tumatir da attaruhun da kika shuka a buhuna da bokitai a tsakar gida, can wajen Garun Malam, ganyensu na nannaɗewa, bakinsa na bushewa yana komawa launin ƙasa. Maƙwabciya ta ce ki ƙara ruwa, mai shagon magani ya ce feshi za ki yi, kina tambaya wa za ki bi. Ni dai a ganina ki dakata da duka biyun tukuna. Abu biyu ne suka fi jawo wannan alama: wahalar ruwa da rana da taki a gefe ɗaya, ƙwari da cutar da suke kawowa a ɗaya gefen. Maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Ki fara da duba inda matsalar take a jikin shukar. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama, suka yi kauri, amma suna nan kore shar, kan shukar kuma na ci gaba da toho lafiya, to wahala ce. Tumatir na yin haka ne don ya rage ruwan da ke fita ta ganye, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ba ya yaɗuwa, ba ya kuma hana 'ya'ya. Amma idan sabon tohon sama ne ke fitowa ƙanana, ya lanƙwashe kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, fure na zubewa, wannan cutar nannaɗe ganye ce, wadda farin ƙuda ke ɗauka daga wannan shuka ya kai wa waccan. Ki girgiza reshen. In wasu fararen ƙwari mitsi-mitsi suka tashi daga ƙarƙashin ganye, ga mai kawo ta nan.

Sai ki duba da sassafe. Shukar da ƙishirwa ke damu takan yi yaushi da azahar, kafin gari ya waye ta miƙe. Mai cutar kuwa yadda kika bar ta jiya haka za ki tarar da ita, ko randa guda kika juye mata.

Shukar buhu ta fi ta lambu saurin shiga wahala, shi ya sa na fi zargin wannan ɓangaren a naki. Ƙasar kaɗan ce, tana bushewa da wuri, baƙin bokiti a kan siminti kuwa dafa saiwa yake yi da rana. Sai dai a nan ne shawarar maƙwabciyarki ke iya cutarwa, domin yawan ruwa ma yaushi yake kawowa. Bokitin da ba a huda ƙasansa ba yakan riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, ganyen ƙasa ya yi rawaya, shukar ta langaɓe alhali ƙasarta jiƙe take. Mai ita ta ga yaushi ta ƙara ruwa, garin gyaran gira a rasa ido. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ta bushe a can ciki, ƙishirwa ce. In tana caɓa, ki tono gefe ki ga saiwar: mai lafiya fara ce, ruɓaɓɓiya ta yi duhu, ta yi laushi, tana wari.

Ƙonewar bakin ganye kuma, tambayar da zan yi miki ita ce yaushe kika zuba taki. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, abin da za a watsa wa kunya a gona ba shi za a zuba wa buhu ɗaya ba. Haka ɗanyen kashin kaji da bai ruɓe ba. In taki ya yi yawa yakan janye ruwa daga saiwa, cikin 'yan kwanaki gefen ganye ya bushe zagaye, ƙayau, babu tabo a tsakiya, wani lokaci har farin gishiri-gishiri ya fito a saman ƙasar. Maganinsa ki kwarara ruwa da yawa ya wanke ya fita ta hujin ƙasa, ki dakatar da zuba takin kamfa da yuriya har sabon ganye ya fito lafiya. Wanda ya riga ya ƙone ba zai koma kore ba, kada ki sa masa ido.

Ƙonewar ƙwari ba ta bin gefe, a tsakiyar ganye take farawa. A hunturu da bazara, lokacin ƙura, akwai jan ƙwaro ɗan mitsitsi dangin gizo-gizo da ke zama a bayan ganye yana tsotsa. Ganyen kan yi ɗigo-ɗigon fari, daga baya ya dafe ya bushe, da siririyar yana tsakanin rassa. Ki kaɗa ganyen a kan farar takarda, za ki ga jajayen ɗigo na motsi. Yawancin magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwar ƙauye ba sa kashe shi, sai ma su kashe ƙwarin da ke cinye shi ya ƙara yawa. A tsakar gida, wanke bayan ganye da ruwa da feshin ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma sun fi amfani. Akwai kuma tsutsar da manoman Kadawa da Kura ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016. Ita cikin ganye take shiga ta ci tsokar, ta bar fatar fara fes har haske na ratsawa, da baƙin kashinta a ciki, sannan wurin ya bushe. Irin wannan ganyen ki tsinke ki ƙona.

Wani abu da ake yawan mantawa a ƙasar shinkafa irin taku: maganin ciyawa. Ɗan ragowar 2,4-D a cikin injin feshin da aka aro daga gona ya isa ya murɗe tohon tumatir ya zama siriri, jijiyoyinsa a jere, har a ɗauka cuta ce. Ko iska ma na kawo shi daga gonar maƙwabci. Bambancinsa da cutar farin ƙuda shi ne duk shukokin kan kamu lokaci guda, ita kuwa cutar ɗaya bayan ɗaya take bi.

To in bincikenki ya nuna wahala ce, ki huda bokitan, ki ɗaga su daga kan siminti, ki matsar da su inda za su sha rana da safe su samu inuwa da la'asar, ki rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, ki riƙa ba da ruwa da safe har ya ɗiga ta ƙasa. In cutar farin ƙuda ce, gaskiya ba ta da magani, ko nawa kwalbar take. Feshi ƙudan yake ragewa, ba ya warkar da wadda ta kamu. Ki tuge ƙananan da suka tsumbure ki binne su, babbar da ta riga ta ɗauki 'ya'ya za ki iya barin ta su nuna. Irin da za ki yafa nan gaba ki lulluɓe shi da raga mai ƙananan ido tun yana ƙarami. Kafin ki sayi wani magani, ki tsinki ganye biyu, na sama da na ƙasa, a kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, da ke yankinku ya duba bayansu.