Sharhi: rediyon Pioneer MVH-S215BT a tsohuwar Corolla, da inda ya kamata kuɗin su tafi

Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mota ce da injinta ke daɗewa fiye da rediyonta. Yawancin waɗanda ke yawo a Kano, Kaduna da Katsina tokumbo ne daga Amurka, kuma rediyon da suka zo da shi ya gaji ta fuska uku. Ƙurar hunturu ta rufe idon CD, sai ya haɗiye faifai ya tofo shi. Ba shi da Bluetooth ko ramin filas. Na uku kuma an saita shi ne don tashoshin Amurka: a zangon AM yana tsallake goma-goma, alhali tashoshinmu a kan tara-tara suke. Shi ya sa Rediyon Tarayya na Kaduna da ke kan 594 ba ya zama daidai, sai dai ka tsaya a 590 ko 600 kana sauraro cikin shashshaka.

Bayan watanni ana amfani da Pioneer MVH-S215BT a irin wannan mota, hukuncina shi ne ya isa mai ƙaramin ƙarfi, muddin an haɗa shi yadda ya dace. Ba shi da CD kwata-kwata, kuma a ƙasar ƙura wannan riba ce, domin babu wani abu mai juyawa a ciki da zai lalace. Yana da Bluetooth na kira da na sauraro, ramin USB da na AUX a gaba, fuskarsa kuma tana cirewa ka sa a aljihu idan za ka bar mota a bakin kasuwa. Jikinsa gajere ne, don haka akwai sarari a baya da wayoyi za su kwanta ba tare da an danne su ba. Da an kunna shi karon farko zai tambayi tazarar tashoshi. Ka zaɓi 9kHz a AM, sannan ka shiga saiti ka kashe DEMO. Freedom Radio a 99.5 da Arewa Radio a 93.1 suna fitowa tas da eriyar motar ta asali. Filas kuwa a yi mata fomat na FAT32, in ba haka ba zai ce bai ga komai ba, mutum ya ɗauka rediyon ne ya lalace.

Maganar ƙarfi tana buƙatar a tsaya a kanta, don nan ake yaudarar mutane a shago. A kwali an rubuta 50W sau huɗu, amma wannan ƙololuwa ce ta ɗan lokaci. Ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai, kamar yadda takardar kamfanin ta nuna, 22W ne ga kowace sifika mai ohm 4. Lissafin a fili yake: fiyus ɗin bayansa 10A ne, wutar mota idan inji na aiki kusan 14.4V ce, ka ga duk abin da zai iya ja bai wuce 144W ba, kuma wani kaso mai yawa zafi yake zama. To ina 200W za ta fito? Wannan ba laifin Pioneer kaɗai ba ne, haka duk rediyoyin wannan aji suke. Kuma 22W ɗin ta wadatar a cikin Corolla, har da gilashi a sauke.

Da kuɗin da bai wuce na wannan ba, ko ma ƙasa, za a nuna maka rediyo mai babban allo na Android wanda ba shi da sunan kamfani. Ido yana so, ban musa ba. Sai dai mafi arahansu ƙwaƙwalwarsu 1GB ce, suna ɗaukar lokaci kafin su tashi, allon yana dushewa a rana, kuma zafin watan Afrilu a kan dashbod yana sa su daskare. Kamun tasharsu ma rauni gare shi, da ka fita gari kaɗan sai shuru. Wanda taswira yake so, wayarsa ta fi wannan allon sauri. Akwai kuma jabun Pioneer da yawa a kasuwa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba ko lambar da ke jikin rediyon ta yi daidai da ta kwali, ka ga ko akwai littafin bayani mai rubutu tsaf.

Ramin dashbod ɗin Corolla ya fi wannan rediyo girma. Shi tsayinsa milimita 50 ne, faɗi kusan 180, ramin kuwa na mai hawa biyu ne, don haka sai an sayi firam mai aljihu a ƙasa. Abu na biyu da za a saya, wanda ya fi komai muhimmanci a aikin, shi ne soket ɗin haɗi na Toyota, mai baki biyu, ɗaya na wuta da sifikun gaba, ɗaya na sifikun baya. Ana nemansa wajen masu kayan wutar mota, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Rewaya da yawa za su ce ba sai an saya ba, su datse soket ɗin motar su murɗa wayoyi su naɗe da salatif. Kada ka yarda. Salatif yana saki idan ya sha zafi, wayar da aka murɗa tana kwancewa a gargada, kuma ran da ka so mayar da rediyon asali babu inda za ka soka shi.

Kafin a taɓa komai, a cire kan batir na negatif da sifana mai lamba 10. Haɗin a kan tebur ake yinsa, launi da launi, a like da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta. Rawaya ita ce wutar dindindin mai riƙe saiti, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa ta bodi ce, shuɗiya mai farin layi ta kunna eriya ko amfilifaya ce. Na sifiku bibbiyu suke: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, shunayya na baya dama, kuma mai baƙin layi a kowanne ita ce negatif.

Kusan duk ƙorafin da ake yi kan sabon rediyo daga nan yake tasowa. Idan kullum da safe tashoshi sun goge, agogo ya koma sifili, an musanya ja da rawaya. Masu Golf 3 da Vectra su kula da wannan sosai, domin a soket ɗin waɗannan motoci wuraren wayoyin biyu a juye suke tun daga kamfani. Idan aka haɗe ja da rawaya wuri guda a kan wutar dindindin, rediyon ba zai mutu da makulli ba, motar da ta kwana biyu a ajiye sai an tura ta. Kukan da ke hawa da sauka tare da totur alamar baƙar waya ba ta kama ƙarfe sosai ba ce. A kankare fenti a ɗaure ta da noti. Mafi muni shi ne a jona negatif na sifika da bodin mota, kamar yadda ake yi wa tsofaffin kaset. Rediyon zamani kowace waya ta sifika tana ɗauke da wuta, yin haka yana ƙona IC ɗin sauti, wato ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin rediyon, nan take. Haka ma haɗa sifika biyu a kan wayoyin sifika ɗaya, positif da positif, negatif da negatif, yana sauke ohm 4 zuwa 2, rediyon ya riƙa zafi yana ɗaukewa. Wajen ɗaure ƙarafan gefe kuma a yi amfani da gajerun sukurorin da suka dace, dogo yana iya kaiwa ga allon ciki.

Sabon rediyo a kan ruɓaɓɓun sifiku ɓarnar kuɗi ce. Sifikar da ta shekara kusan ashirin tana shan zafin ƙofa, bakinta ya riga ya yage, shi ne kakkarwar da ake ji idan ganga ta buga. Na ƙofofin gaba inci 6.5 ne, na bayan kujera 6x9. Idan kuɗin guda biyu kawai gare ka, sa su a gaba, can kunnenka yake. Na baya su jira. Ka manta da 600W ko 1000W da aka zana a kwali. Abin dubawa ohm 4 ne, da lambar dB mai nuna yawan ƙarar da sifika ke fitarwa: wadda ta kai 90 ta fi dacewa da rediyon da ba shi da amfilifaya, domin bambancin 3dB daidai yake da ninka ƙarfi biyu. Sabuwar sifika ba ta zama a ramin Toyota sai da zoben roba ko na katako, kuma a sauke gilashi har ƙasa a tabbatar bai taɓa maganaɗisun ba kafin a mayar da murfin ƙofa. Idan an rasa gane positif, a taɓa wayoyin sifikar da batirin tocila na 1.5V: in takardar ta turo waje, wayar da ke taɓa gefen + na batirin ita ce positif. Sifika ɗaya da aka juya tana cinye kaurin sautin ɗayar, sai a ji kiɗa ya zama siriri alhali komai sabo ne.

Toyotar da ke da tambarin JBL a jikin rediyo ko sifika lissafinta daban ne. Tana da amfilifaya a ɓoye, soket ɗin da na ambata ba zai yi mata ba, sai an nemo nata na musamman ko a ja sabbin wayoyi kai tsaye zuwa sifikun.

Abin da wannan rediyo bai yi ba shi ne girgiza but. Wanda yake son haka sai ya ƙara amfilifaya da wufa, wato babbar sifikar kaurin sauti, ta ramin RCA da ke bayan rediyon, da waya mai kauri daga batir da fiyus ɗinta kusa da kan batirin, kuma kuɗin wannan kaɗai yana iya zarce na duk aikin da aka lissafa a sama. Don labaran rana, karatun Alƙur'ani, waƙa daga waya da amsa kira hannu na kan sitiyari, rediyon da soket da firam da sifikun gaba biyu sun gama magana. A gwada kowace sifika ɗaya bayan ɗaya da maɓallin fader (gaba da baya) da balance (hagu da dama), a kashe makulli a sake kunnawa a ga tashoshi na nan, sannan a mayar da murfin dashbod.