Hilux ko Land Cruiser: wacce za ka hau duwatsun Tula da ita?

Duk lokacin da muka shirya fita da motoci zuwa Tula, can bayan Kaltungo, sai wannan gardama ta tashi.

Hilux ba ta da nauyi sosai, ba ta shan mai kamar 'yar'uwarta, kuma in wani abu ya karye, kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Gombe. Matsalarta ɗaya: sifirin bayanta na ɗaukar kaya ne. In bodin babu komai, kan duwatsu sai ta riƙa tsalle, tayar baya tana sakin ƙasa. Shi ya sa muke aza mata buhunan yashi biyu ko uku.

Land Cruiser, musamman tsohuwar nan samfurin 80 ta shekarun 1990, daban ce. Ka sa ta a 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, ka rage iskar taya kaɗan, sai ta bi dutse a hankali kamar hawainiya, kowace taya tana dafe da ƙasa. Amma fa aljihunka zai ji a gidan mai.

Ni dai da damina, in ruwa ya zaizaye hanya, Land Cruiser nake ɗauka. Da rani kuwa Hilux ta ishe ni.