Kwana shida a bakin ƙofar ICU a Chennai

Mutum uku ke nan suna tambayata yadda aikin zuciyar ƙanwata ya kasance a Indiya, da ko zan ba su shawara su je inda muka je. Zan ba su, amma akwai abin da nake so su sani tun daga gida. Ba zan faɗi sunan asibitin ba tunda ina da ƙorafi a kansu. A Chennai yake.

Shekararta 34. Bawul ɗin da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciyarta ne ya tsuke, sanadin ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani yadda ya kamata ba. Bayan haihuwarta ta biyu ko shara ba ta iya yi sai ta zauna tana haki.

Ana gobe aiki, likitan tiyata ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa. Ya shigar da shekarunta, ƙarfin bugun zuciyar, lafiyar ƙoda, hawan jinin huhu, ko an taɓa buɗe mata ƙirji, ko aikin na gaggawa ne, tambayoyi 18 gaba ɗaya. Sunan ma'aunin EuroSCORE II. An fito da shi a 2011, an gina shi kan bayanan majinyata sama da dubu 22 daga asibitoci 154 a ƙasashe 43. Ya nuna kashi 2 da ɗoriya cikin ɗari. Na kira Inna a Kano na ce mata, "Inna, ki kwantar da hankalinki, sun ce hatsarin kaɗan ne." Ta ce Allah ne mai yi.

Lissafin bai yi ƙarya ba, ƙanwata tana raye. Sai dai tambaya ɗaya tak yake amsawa: cikin mutum ɗari masu irin halinta, nawa ne ba za su fita daga asibiti da rai ba. Bai ce komai a kan kwana nawa za ta yi a ɗakin kulawa ta musamman (ICU) ba, ko ƙodarta za ta jure injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata. Ba wanda ya bambance mana wannan, kuma nan ne ƙorafina. Kuɗin da muka biya a dunƙule na kwana biyu ne a ICU. Ta yi shida. Kowace safiya sai ofishin kuɗi ya kira ni kafin in ga likita, har sai da aka sayar da filin da na ajiye a gida. Da an ce mana mu zo da tanadin ƙarin kwanaki, da mun zo da shiri.

Aikin da ake yi a cikin ɗakin kuwa, ban ga abin kushewa ba. Nas ɗaya ga majinyaci ɗaya, dare da rana. A rana ta biyu na shiga na tarar da nas ɗin a tsugunne gefen gado, ta ɗaga robar fitsari zuwa saitin idonta tana karanta layukan. Duk awa take rubutawa. Ta nuna mini takardar: mai nauyin kilo 60 ana so ta ba da kamar mililita 30 a awa, ita tana ba da 15. Ƙodar ce ta fara ja da baya. Washegari kuma bugun zuciyar ya rikice, abin da likita ya ce yana yawan faruwa a rana ta biyu ko ta uku bayan irin wannan aiki.

Likitar ɗakin, wata mace mai sanyin magana, ita ce ta hana ni zaucewa. Ta koya mini wani ma'aunin, SOFA, wanda ake sake lissafawa kullum. Abubuwa shida ake dubawa: huhu, hawa da saukar jini, ƙoda, hanta, daskarewar jini, da farkawar ƙwaƙwalwa. Kowanne maki 0 zuwa 4, jimilla 24, kuma raguwarsa ake nema. Ta ce kada in kama lambar yini ɗaya in riƙe, in duba inda ta dosa. Tara, tara, bakwai, huɗu. A bayan tikitin jirgi na rubuta su, har yanzu yana wurina.

Suna da tafintan Larabci, babu na Hausa, ita kuma Turancinta kaɗan ne. Da ta farka da bututun numfashi a baki, ba halin magana, sai hawaye. Na roƙa aka bar ni na rubuta kalmomi a kwali, Hausa a gefe Turanci a gefe: ciwo, ƙishi, sanyi, juya ni, kira Yaya. Nas ɗin ta liƙa shi a ƙarfen gadon, tana bin kalmomin da yatsa har ƙanwata ta ƙifta ido. Minti goma ake ba ni sau biyu a yini, ban da wanke hannu da sa riga da takunkumi. Ranar da aka cire bututun, maganarta ta farko ita ce, "Yaya, yaran fa?"

Duk wanda zai je, ya tambayi likitan tiyata kashi nawa EuroSCORE ya nuna wa majinyacinsa, sannan ya tambaya daban: ƙodar fa, kuma kwana nawa kuɗin ya ƙunsa, nawa ne kowace ƙarin rana, a rubuce. Bawul na ƙarfe aka sa mata, don haka za ta sha warfarin, maganin hana daskarewar jini, har iya rayuwarta tare da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jinin, a kai a kai. Tun kafin mu taso na sa aka nemo mana ɗakin gwajin da ke yin sa kusa da unguwarsu.