The Flash zango na 8: tsohuwar gaba ce ke riƙe da shirin, sauran duk cika lokaci ne

Na daina kallon The Flash a tsakiyar zango na bakwai, tun kafin a kai inda jarumai ke faɗa da takubban walƙiya na gaji. Cisco, injiniyan tawagar jarumin, ya tafi, Tom Cavanagh ya bar zama ɗan gida, labarin kuma ya koma wa'azi kan soyayya da yarda da kai. Ƙanena ne ya dame ni sai na koma. "Yaya, kashi biyar kawai za ka kalla, in bai yi maka ba ka bari." Na kalli biyar ɗin, na zarce har kashi na 20, kuma har yanzu ina masa ƙorafi a kan rabinsu.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar CW ta Amurka ce ta fara haska shi a watan Oktoba na 2014. Grant Gustin ne ya fito a matsayin Barry Allen, ma'aikacin binciken kimiyya na 'yan sandan Central City, wanda tsawa ta faɗa masa ya zama ba wanda ya kai shi gudu. Zango na takwas ya fara a Nuwamba 2021 ya ƙare a ƙarshen Yuni 2022. Zan tona labarin sosai, wanda bai kalla ba ya sani.

Kashi biyar na farko, waɗanda aka sa wa suna Armageddon, su ne ƙanena yake nufi, kuma ya yi gaskiya. Wani baƙo daga wata duniya mai suna Despero ya zo yana cewa Barry ne zai hallaka duniya a 2031. Da farko na ɗauka irin barazanar da aka saba ce, mugu ya yi kuri, Barry ya sha kashi sau biyu, na uku ya yi nasara. Sai abubuwa suka soma zamewa daga hannun Barry ɗaya bayan ɗaya: aikinsa, STAR Labs inda tawagarsa ke aiki, har hankalinsa ya fara zargi. Wurin da ya kama ni shi ne inda ya ambaci Joe West kamar yana nan, kowa ya zuba masa ido, don Joe ya yi watanni da rasuwa, shi kaɗai ne bai sani ba. Joe ne ya raine shi tun yana ɗan shekara 11. Gustin bai yi ihu ba, bai yi dogon jawabi ba, fuskarsa ce kawai ta faɗi komai. Shekara bakwai mutum yana kallon uban nan da ɗan riƙonsa, dole abin ya taɓa shi.

Kashi na huɗu shi ne ƙololuwar zangon a wurina. Ashe Eobard Thawne ne ya koma baya ya sake rubuta tarihi, ya zama shi ne Flash, shi ne zai auri Iris matar Barry, Barry kuma ya zama abin ƙi a idon abokansa. Wannan shi ne Thawne da na sani tun zango na farko, mutumin da ya kashe mahaifiyar Barry, ya sa aka ɗaure mahaifinsa, sannan ya zauna a keken guragu yana koya masa gudu. Cavanagh na magana ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, kuma ya fi duk dodannin kwamfutar shirin ban tsoro. Wanda ya taimaki Barry kuwa Damien Darhk ne, tsohon mugu daga shirin Arrow, ba don ya shiryu ba, sai don a wannan sabon tarihin 'yarsa ta mutu kuma yana son ta dawo ko da shi zai gushe. Neal McDonough ya yi rawar gani. An kawo baƙi da yawa, Ray Palmer da Black Lightning da Alex Danvers da Batwoman da Mia Queen, amma yawancinsu leƙowa suka yi suka gaisa. Darhk ne kaɗai labarin ba zai tafi ba in babu shi.

A kashi na biyar ma akwai abin da na so. Thawne na gab da shafewa daga duniya, ya zo yana roƙon a cece shi, Barry da Iris suka ce a bar shi ya tafi. Joe, wanda ya dawo bayan an gyara tarihi, ya yi musu faɗan da uba ke yi wa 'ya'yan da suka girma suka fara ganin sun fi ƙarfin faɗa. Jesse L. Martin bai cika fitowa a zangon nan ba, amma duk inda ya fito sai ka ji ɗakin ya yi nauyi. A nan ne kuma aka ba Barry takalman nan masu ruwan zinare da masoya suka daɗe suna nema. Ƙaramin abu ne, amma na yi murmushi.

Daga nan aka tafi hutu har Maris 2022, da aka dawo sai tsohuwar cutar ta dawo.

Gidan ya cika da mutane. Allegra, Chester, Cecile, Mark, kowa sai an ba shi nasa labarin, kuma minti arba'in da 'yan kai ne kowane kashi. Ba ni da matsala da 'yan wasan. Brandon McKnight, mai fitowa a Chester, mutum ne mai shiga rai, amma an ba shi kujerar Cisco ba a ba shi abin da ya sa ake son Cisco ba. Soyayyarsa da Allegra an ja ta kamar ƙosai a bakin mara haƙori, kowane kashi kallo da sunkuyar da kai. Cecile kuwa lauya ce da ke jin abin da ke zuciyar mutane, sai ga shi a ƙarshen zango ƙarfinta na neman wuce na mai shirin. Duk lokacin da marubuta suka rasa yadda za su sanar da mu halin da wani ke ciki, sai Cecile ta dafe ƙirji ta faɗa mana.

Akwai kuma matsalar da ta daɗe. Mutumin da ke iya komawa baya cikin lokaci da ƙafarsa, ta yaya ɓarawon banki zai tsere masa? Hanya ɗaya ce, Barry ya tsaya yana surutu har a buge shi, sannan ya tambayi na cikin STAR Labs abin da zai yi. A zango na farko wannan daidai ne, koyo yake. A na takwas raini ne ga mai kallo.

Tsakiyar zangon ta ɗan farfaɗo da labarin Deathstorm. Caitlin, likitar tawagar, ta yi imani mijinta Ronnie, wanda ya mutu tun ƙarshen zango na farko, shi ne ke cikin baƙar wutar da ke ƙona mutane, ta yi duk yadda za ta yi ta dawo da shi, sai ga wani abu sanye da fuskarsa wanda baƙin cikin mutane ne abincinsa. Robbie Amell ya dawo, kuma an yi siffar dodon da kyau, ƙoƙon kai mai ci da wuta. A kashi na 13 Frost, 'yar'uwar Caitlin mai ƙarfin ƙanƙara, ta ba da ranta. Danielle Panabaker ce ke fitowa a Caitlin da Frost duka, wato ita ke mutuwa ita ke kuka, kuma ta sa na manta da hakan. Abin da ya biyo baya ya fi mutuwar kanta ƙarfi: Caitlin ta ɓoye tana ƙoƙarin dawo da 'yar'uwarta, Barry ya gano, ya lalata kayan aikinta a gabanta. Shi da ya taɓa birkita duniya don ya ceci mahaifiyarsa. Na so a zauna a kan wannan, a bar su su yi rigimar da ta dace. Aka wuce.

Aka wuce zuwa ina? Zuwa ciwon Iris. Tun zango na bakwai take fama da wata larura da ke fizge ta daga lokaci, kuma kusan zango guda ana nuna idonta na canja launi ba tare da an ce komai ba. Candice Patton ta cancanci abin da ya fi ɓacewa da bayyana. Da bayanin ya zo, sai ya zama tarin sunayen wasu ƙarfafa masu kyau da marasa kyau, waɗanda ko ƙanena da ke kare shirin sai da ya koma baya ya sake saurare.

Ƙarshen ya sake komawa kan Thawne, kuma a nan ne na rabu biyu. Dawo da Matt Letscher a matsayin Thawne da ya manta ko shi waye, ya zama mutumin kirki har ya kamu da son Meena Dhawan, dabara ce mai kyau. Yadda aka yage fuskarsa Cavanagh ya fito daga ciki ya sa na miƙe zaune. Amma an nuna Iris ta mutu, ban ji komai ba, don Joe ma ya mutu ya dawo a zangon nan, Thawne kuwa na daina ƙirga sau nawa aka gama da shi. Faɗan ƙarshe walƙiya ce ja da rawaya ta cika allo har ba ka gane wa ke dukan wa. Sannan Barry ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa ya ƙi faɗa, Thawne ya cika ya fashe da kansa. Na gane abin da Eric Wallace, wanda ya jagoranci shirin, da marubutansa ke nufi, gabar ba ta ƙarewa da duka. Sai dai bayan shekara takwas, na so in ga mutanen biyu sun yi magana ido da ido kamar yadda suka yi ta gilashin kurkuku a zango na farko.

Wanda ya bar shirin da daɗewa kuma yana kewar Barry da Thawne, ya kalli kashi na 1 zuwa na 5, ya tsallaka zuwa na 11 har na 14, sannan uku na ƙarshe in yana son ganin inda aka kwana. Ƙanena ya ce na yi wa kashi na shida rashin adalci, wanda 'ya'yan Barry, Nora da Bart, suka koma baya suna gyara ɓarnar da suka yi. Na sake kallonsa, yana da ban dariya, a ƙara shi.