Gargaɗi: a kula da mai tallan "tabarau ɗin Crockett" a shafukan sada zumunta

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan sada zumunta yana tallan baƙin tabarau, yana cewa irin wanda Sonny Crockett ke sawa ne a shirin Miami Vice, wai tsohuwar ajiya ce ta shekarun 1980 da ba a taɓa ɗorawa a fuska ba. Ni ya ci mini naira dubu 85. Har zuwa daren jiya tallan na nan, sunan shafin kawai ya sauya, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Kawuna na so in saya wa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun ina yaro nake jin sunan Crockett a bakinsa. A kaset ɗin bidiyo ya kalli shirin yana saurayi. Ga waɗanda ba su san shi ba, shiri ne na 'yan sandan ciki da ke farautar dillalan ƙwaya a birnin Miami na Amurka. Tashar NBC ta fara nuna shi a 1984, ya yi zango biyar, Don Johnson ne ya fito a matsayin Crockett, Philip Michael Thomas kuma abokin aikinsa Tubbs. Kawu ya taɓa mallakar tabarau mai kama da na Crockett, ya ɓace masa a wata tafiya, bai daina zancensa ba. Da zai yi ritaya na ce wannan ita ce kyautar da za ta faranta masa.

Tallan da na gani hoto biyu ne a jere: Don Johnson sanye da tabarau, sai wani tabarau a kan farin ƙyalle kusa da gidansa na fata. An rubuta cewa tabarau ne mai tambarin Ray-Ban, samfurin Wayfarer, na 1985, daga wani tsohon shago da aka rufe a Amurka, guda uku kacal suka rage. Na yi masa magana, ya amsa nan take, baki kamar zuma. "Ranka ya daɗe, wannan ba na kowa ba ne, sai wanda ya san darajar kaya." Na ce ya ɗauko mini hoton cikin hannun tabarau ɗin. Ya ce kayan na rufe a kwali, in ya buɗe farashinsu zai faɗi, kuma akwai wani Alhaji da ke jiran guda biyu, in ban ba da kafin alƙalami a ranar ba to in haƙura. Na tura rabi. Washegari ya turo hoton wani ƙunshi a tasha, ya ce direba ba zai karɓa ba sai an cika. Na cika. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, ya ce na matarsa ne.

Bayan kwana huɗu kaya suka iso. Tun a tasha na ji ba daidai ba, don ba nauyi ko kaɗan. Kafin in kai wa Kawu na biya wajen wani dattijo mai yanka gilashin ido a unguwarmu, wanda ya fi shekara talatin a sana'ar. Ya juya shi sau biyu a hannu, ya kusanto da shi fitila, ya ce, "Malam, nawa ka ba da?" Na faɗa. Ya yi salati, ya jawo mini kujera.

Abin da ya nuna mini shi ne babban dalilin wannan rubutu, don da na san shi da ko sisi ban tura ba. Kamfanin Bausch & Lomb na birnin Rochester a jihar New York shi ya ƙirƙiro Ray-Ban, shi ne kuma ke yin sa har zuwa 1999, lokacin da ya sayar wa Luxottica na Italiya a kan dala miliyan 640. Saboda haka Wayfarer na zamanin Miami Vice sunan kamfanin farko yake ɗauke da shi. A cikin hannunsa za ka ga an buga B&L RAY-BAN U.S.A., a gefen gilashin kuma akwai ƙananan haruffa BL da aka sassaƙa, in ka goga farce za ka ji su. Haruffan RB a kan gilashi, da lamba irin RB2140, da rubutun cewa a Italiya aka yi, duk na zamanin Luxottica ne. Nawa kuwa, wanda aka ce na 1985 ne, RB2140 ke rubuce a hannunsa, ga sunan Italiya, ga tambarin CE na Tarayyar Turai wanda sai a shekarun 1990 aka fara buga shi a kan kaya. Kayan da kansu suka ƙaryata mai su. Shi ya sa ya ƙi ɗaukar hoton cikin hannun.

Da a ce sabon Ray-Ban ne na gaske aka sayar mini da sunan tsoho, da da sauƙi. Ko wannan bai kai ba. Dattijon ya sa farce a kan RB ɗin, fenti ne, ya fara ɓarewa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa, ya yi ƙarar roba, alhali na wancan zamani gilashi ne sosai, mai sanyi da nauyi, musamman mai launin kore-kore da suke kira G-15. Ya sa ni in bi saman firam ɗin da yatsa, na ji wani siririn layi tun daga wannan gefe har wancan. Ya ce wannan sawun mazubi ne, narkakkiyar roba aka zuba. Na gaske yanka shi ake yi daga falle a goge, ba ya da wannan layi. Ƙananan ƙarafan nan biyu masu sheƙi da ke kusurwar gaba, a na asali su ke riƙe da ƙarfen da hannun ke lanƙwasawa a kai. A nawa manna su aka yi don ado, ɗaya ma ya karkace.

Sai batun "guda uku suka rage". Wayfarer ba abu ne mai wuyar samu ba. A 1981 kasuwarsa ta mutu, kusan guda 18,000 aka sayar a shekarar. A 1982 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar sa tabarau ɗinsa a fina-finai da shirye-shiryen talabijin, zuwa 1986 ana sayar da kusan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma Miami Vice na cikin shirye-shiryen da suka jawo haka. Abin da aka yi miliyoyinsa, har yau tsofaffinsa na yawo a hannun masu sayar da tsofaffin kaya na gaskiya, waɗanda ba sa jin tsoron nuna maka kowane lungu. Bayan haka Crockett ba tabarau ɗaya ya sa ba. A farkon shirin Carrera ya fi sawa, sannan Wayfarer, daga baya Persol na Italiya. Duk wanda ya ce maka "wannan shi ne na Crockett" ka tambaye shi na wane zango. Na tambayi mutumin nan bayan komai ya faru, bai ma san akwai bambanci ba. Hoton Don Johnson da ya liƙa shi ne duk hujjarsa, kuma hoto kowa na iya saukewa daga intanet.

Asarar kuɗi ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi tayar mini da hankali na'urar gwaji ce. Dattijon ya sa gilashin a na'urar da ke auna hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yana cutar da shi. Ta nuna hasken na wucewa. Ya yi mini bayani cewa idan ka sa gilashi mai duhu, ƙwayar idonka buɗewa take ƙara yi don ta ɗauka inuwa ce. In gilashin ba ya tare UV, to ka buɗe wa hasken ƙofa fiye da wanda bai sa komai ba. Wannan haske na cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido. Kawu shekararsa 60, an riga an ce masa yanar ta fara a idon hagu, kuma mutum ne mai yini a gona. Da na miƙa masa, da kullum yana fuskarsa a tsakar rana yana sa mini albarka. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba, kuma rubutun UV400, mai nuna wai gilashin na tare UV, a takardar da aka manna ba hujja ba ne, nawa ma yana da ita. Gwaji ne hujja, kuma wuraren yanka gilashin ido da dama suna da na'urar, aikin minti ɗaya ne.

Na koma wa mutumin da hotuna. Da farko ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ƙunshi, in mayar ta mota zai sauya, amma in turo dubu 10 na jigila. Na ce ya fara mayar da kuɗina. Ya ce, "Haba yallaɓai, ai tsakaninmu akwai amana." Daga nan ya toshe lambata. Da na bi bayanan da ke ƙasan tallansa, na lura masu yabon duk a rana ɗaya suka yi rubutu, da kalmomi kusan iri ɗaya, kuma shafukansu babu komai a ciki.

In kun ci karo da shi, ko wani mai irin salonsa, ku nemi bidiyo kai tsaye, ya riƙe tabarau ɗin a hannu, ya nuna rubutun cikin hannaye biyu da gefen gilashi, ya faɗi sunanku da ranar a cikin bidiyon. In ya ce tsoho ne ku nemi B&L da BL. Kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya, kuma kada zancen wani Alhaji da ke jira ya sa ku gaggawa. In da hali a biya bayan an karɓa an duba.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarmu, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Duk wanda mutumin nan ya taɓa, ya ajiye rasit da lambar asusun da ya tura wa, ya kai nasa ƙorafin, don asusu ɗaya ne zai riƙa fitowa. Kawu kuwa na gaya masa gaskiya. Ya karɓi jabun ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ko kusa bai kama ƙafar nawa ba, nawa har shatar nauyinsa yake bari a karan hanci." Ranar Asabar zan kai shi wajen dattijon nan a gwada idonsa, a yanka masa gilashi mai tare rana.