Layin mega 50 da na saya a Kano: abin da ya faru da ni ranar kasuwar Gujungu

Masu sana'ar waifai irina a yankin Ringim, Taura da Jahun na Jihar Jigawa sun sha tambayata yadda na ga kamfanin nan na Kano da nake sayen layin intanet a hannunsu tun ƙarshen 2023. Ba zan kama suna ba, wanda ke cikin harkar ya san su, ya kuma san abin da suke karɓa a kan kowane mega. Na daɗe ina kau da kai daga rubuta wannan saboda injiniyansu mutumin kirki ne, ba na son abin ya shafe shi. Amma an sake kawo mini takardar sabunta yarjejeniya, kuma da na karanta ta sai duk abin ya dawo mini sabo.

Aikin da suka yi mini a farko ba shi da makusa. Sun ɗora faranti, wato eriyar da ke harba siginar intanet, a kan ƙarfen sabis ɗinsu, suka saita shi da nawa da ke wani ƙauye kusa da Gujungu, rediyon Ubiquiti ne a zangon 5GHz. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse, sai dai kukoki da darbejiya, don haka da muka ƙara wa ƙarfena tsawo kaɗan sai farantan suka hangi juna tsaf. Sigina ya zauna a -58, wato da ƙarfinsa, iskar damina ba ta taɓa karkatar da shi ba. A takarda an rubuta gudun mega 50, ɗaya bisa ɗaya, wato nawa ne ni kaɗai dare da rana, ba layin haɗaka ba. A kan haka na biya kuɗi mai nauyi, domin na haɗakar ma suna sayarwa, kuma kowa ya san bambancin farashinsu ba kaɗan ba ne.

Har ma na yabe su a bainar jama'a a watan Maris na 2024. Ranar Alhamis 14 ga wata, azumi bai fi 'yan kwanaki da kamawa ba, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Kusan duk intanet ɗin da muke sha a arewa daga Legas yake tasowa, inda waɗannan wayoyi suke sauka, sannan ya biyo faiba zuwa Abuja da Kano kafin ya iso kan ƙarfe irin nawa. Ranar har bankuna sun ji a jikinsu. Kamfanin ya turo mana saƙo da wuri, ya faɗi gaskiyar abin da ke faruwa, kuma layi ya fara dawowa tun kafin a gyara wayoyin, saboda akwai waɗanda ba su tsinke ba, irin Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022. Na ce wa abokan sana'a waɗannan mutane sun san aikinsu. Mutum biyu sun bi su a kan maganata.

Sai ga Lahadin ƙarshe kafin Babbar Sallah ta 2024. Wanda ya san Gujungu ya san yadda kasuwa take cika a irin wannan rana, motocin raguna tun daga bakin titi har cikin kara, masu saye daga Kano da kudu. Ranar kasuwa layukan waya cushewa suke yi saboda yawan jama'a, shi ya sa masu POS da yawa suke sayen katin waifai a wajena, suna haɗa na'urarsu da shi. Su ne ƙashin bayan cinikina. Na juya faranti ɗaya musamman yana kallon gefen kasuwar saboda su.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe waya ta fara ƙara. Kafin azahar shagona ya cika. Na buɗe manhajar Winbox na duba rauta, na'urar da ke raba intanet ga masu kati, sai na ga abin da ke shigowa daga wajensu bai kai mega 5 ba, yana ɗan ɗagawa yana faɗuwa. Na duba rediyo, sigina na nan a -58 bai motsa ba. Na gwada tsakanina da ƙarfensu, amsa na dawowa nan take babu ɓatan ko ɗaya. Batir cike, rana ta take, sola na aiki. Daga ƙarfensu zuwa gaba ne abin ya shaƙe.

Wani yaro mai POS ya shigo da wani dattijo a bayansa, igiyar rago har yanzu tana hannun dattijon. Ya sayar da ragon, mai saye ya tura kuɗi ta hannun yaron, an cire a can, a nan na'ura sai juyawa take yi ba ta nuna komai. Mai saye yana son ya ɗora ragonsa a mota, dattijo ya ce ba ya sakin igiya sai ya ga kuɗi a hannu. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, an ce kai ne mai abin. Ka taimake ni, daga nesa na taso, kuma da kuɗin nan zan yi wa yara ɗinkin Sallah." Na ce, "Baba, ka zauna ka sha ruwa, in Allah ya yarda ba za ka tafi haka ba." Ina faɗa ina jin kunya, don ban san ta inda zan cika ba. Yaron kuwa idonsa ya kawo ruwa, shi ne a tsakiya, kowa shi yake tuhuma.

Na kira layin kula da abokan ciniki. Bayan dogon jira wata ta ɗauka, na yi mata bayani dalla-dalla, har adadin da nake gani a allo na karanta mata. Ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, matsalar daga Legas ce, wayar cikin teku ce ta tsinke." Na ce, "Hajiya, waɗannan wayoyi an gama gyaransu tun watan Mayu. Wace ce kuma ta tsinke yau?" Ta ce haka aka ce su faɗa wa duk wanda ya kira. Wannan magana ta fi faɗuwar layin ƙona mini rai. Abin da na yabe su a kansa a watan Maris shi suka mayar abin fakewa, sun ɗauka mu na ƙauye ba ma bin labari.

Wanda ya cece ni ranar shi ne injiniyan. Ranar hutunsa ce, yana gida, amma ya ɗauka. Ya ce, "Malam, ba zan iya ƙara maka ko mega ɗaya daga nan ba, amma mu gyara ɗan wanda ke hannunka." Muna kan waya ya bi da ni cikin rautar MikroTik ɗina. Muka ware masu POS a rukuni ɗaya muka ba su fifiko na farko a jerin gwano. Sauran masu kati muka sa su a PCQ, tsarin da ke raba abin da ya rage daidai wa daida tsakanin duk wanda ke kan layi, ta yadda mai kallon bidiyo ɗaya ba zai shanye na mutum ashirin ba. Muka rage wa kowa gudu zuwa abin da zai ishi WhatsApp kawai. Ya kuma sa na saita iyakar layin gaba ɗaya ƙasa kaɗan da abin da ke shigowa a zahiri, domin cunkoson ya taru a rautata inda nake da ikon zaɓen wanda zai fara wucewa, maimakon ya taru a can wajensu inda ba ruwan kowa da wanene mai POS. Na'urar POS ba ta cin komai, abin da take buƙata kawai kada saƙonta ya maƙale a bayan bidiyon wani. Cikin 'yan mintuna rasit ya fara fita. Dattijon ya ƙirga kuɗinsa a gabana, ya miƙa igiya, ya yi ta sa albarka. Samarin da suka sayi katin yini don kallo kuwa sun yi ta ƙorafi, na mayar wa wasu kuɗinsu, kuma suna da gaskiya.

Da yamma na sake kiransa na ce, "Injiniya, don girman Allah ka faɗa mini abin da ya faru." Ya yi shiru, sannan ya ce in je in ɗaga kai in ƙirga farantan da ke kan ƙarfensu. Na je washegari. Lokacin da aka haɗa ni faranti uku ne a sama. Yanzu sun ninka, kuma ɗaya daga cikin sababbin yana kallon Gujungu ne, gefen kasuwa na gabas, inda wani sabon mai waifai ya buɗe a watan. Abin da ke zuwa ƙarfen daga Kano bai ƙaru ba, masu sha ne suka ƙaru, kuma kusan kowannenmu an rubuta masa ɗaya bisa ɗaya. Kuɗin sa guda na biya, ashe watanda aka yi da shi. A ranakun da ba kasuwa ba kowa ba ya jan nasa duka a lokaci guda, shi ya sa abin yake ɓoyuwa. Ranar da muka ja tare sai asiri ya tonu.

Da na koma na buɗe zanen gudun layi da rauta ke ajiyewa na makonnin baya, sai na ga abin ya riga ya fara tun kafin ranar. Kullum daga bayan isha'i zuwa wajen sha ɗaya na dare layin yana yin fululu a ƙasa da rabin abin da na saya, kamar an sa masa rufi. Na buga zanen a takarda na tafi ofishinsu a Kano.

A nan kam manajan ya karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Bai yi musu ba da ya ga takardun. Ya ce, "Alhaji, an yi kuskure wajen rabon, za mu gyara, kuma za mu rage maka kuɗin wata." Cikin makon suka ƙara abin da ke zuwa ƙarfen, na ga 50 ɗina cif har da daddare. Na dawo gida ina cewa to, ɗan Adam ajizi ne, wanda ya amsa laifinsa ya gyara ai ya yi abin a yaba. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi da na ce kowa ya je ya saya.

Ragin kuɗin watan bai zo ba. Da na tuna musu sai aka ce an mayar mini da shi ƙarin mega 10 na wata guda, abin da ban roƙa ba, kuma a lokacin damina ce, mutane suna gona, ko 50 ɗin ba na cinyewa da rana. Kuɗin katin da na mayar wa mutane ranar kasuwa daga aljihuna ya fita. Masu POS biyu da suka koma wajen maƙwabcina tun ranar ba su dawo ba, alhali daga ƙarfe ɗaya muke sha ni da shi, abin da su ba su sani ba. Kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san yadda kaya suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, rediyo ɗaya in tsawa ta ƙona shi sai ka yi ciniki na makonni kafin ka mayar.

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ba a jima ba kamfanin ya turo nasa ƙarin. Ban yi gardama ba, su ma dizal suke saye, su ma haya suke biya a kan ƙarfe. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bayan ƙarin da 'yan makonni rufin dare ya dawo. Ba kamar na da ba, amma yana nan, daga isha'i sai ka ga layi ya tsaya a talatin da 'yan kai. Na kira, wata muryar daban ta ce ana aikin titi an yanke faiba. Yankan faiba na faruwa, kowa ya sani, amma faibar da aka yanke ba ta jiran a idar da sallar isha'i kullum kafin ta yanke, ta kuma haɗe kanta da sha ɗayan dare. Na turo musu zanen, har yau ba a ba ni amsa a rubuce ba.

Wasu suna ce mini me ya sa ba zan sa Starlink in huta ba, tunda tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya. Ƙa'idar layinsu na gida ba ta yarda ka sayar wa jama'a ba, ni kuma ba na son in gina abincin iyalina a kan abin da za a iya rufewa rana ɗaya. Abin da na yi shi ne na sa ƙaramin layi na biyu mai amfani da sim, na saita rauta ta juya masu POS kansa da kanta duk lokacin da babban ya shaƙe. Tsarin da injiniya ya koya mini ma na bar shi yana aiki kullum, kuma shi ne mafi amfanin abin da na samu a wannan kamfani, ga shi ba ya cikin abin da na biya.

Sabuwar takardar da suka kawo an cire "ɗaya bisa ɗaya" daga cikinta, an sa "har zuwa mega 50", farashi kuma na layin kashin kai ne. Na nuna wa wanda ya kawo ta wurin da yatsa, ya ce shi aike ne kawai. Ban sa hannu ba. Na gaya wa manajan ta waya sharuɗɗa biyu: a mayar da kalmar yadda take, kuma a rubuta cewa duk sa'ar da layi ya faɗi ƙasa da abin da na saya za a cire kuɗinta daga na wata mai zuwa, da zanen rautata a matsayin shaida. Ya ce zai yi magana da Alhaji mai kamfanin. Ni da mutum biyun da suka bi su a kan maganata mun fara zama, muna lissafin ko za mu haɗa kuɗi mu sayi layi ɗaya babba kai tsaye daga masu faiba mu raba a tsakaninmu. Abin da ya tsayar da mu yanzu shi ne kuɗin hayar ƙarfen da za mu ɗora faranti a kai, da kuma wanda zai riƙe makullin rauta a cikinmu.