Gato mai askirim a zafin Garwa: abin da za ki saya da abin da za ki bari a shago

'Yata ta cika shekara bakwai a watan Afrilu, daidai lokacin da Garwa ke komawa murhu, zafi ya haura digiri 40, ruwan randa ma sai ya yi ɗumi. Tun saura wata guda take bina da wayar babanta tana nuna min hoton wani gato, ko kek kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa, hawa uku na askirim, kowane da launinsa. "Mama, irin wannan nake so." Na yi mata, amma sai da na farko ya lalace a hannuna.

Kafin ki taka kasuwa, je ki buɗe firizarki, don ita ce za ta yanke miki hukunci. Askirim yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Babbar firiza mai murfi a sama, irin ta masu sayar da ƙanƙara da folere, wato zoɓo, tana kai wannan, kuma in an ɗauke wuta tana riƙe sanyi: wadda ke cike takan yi kusan kwana biyu muddin ba a buɗe ta ba, wadda ke rabi kuma kamar kwana ɗaya. Ɗan akwatin nan na saman ƙaramin firij kuwa ruwa kawai yake iya daskararwa. In shi kaɗai gare ki, nemi maƙwabciya mai babbar firiza ki roƙi aron wuri na kwana biyu, kuma ki tambaye ta ko da kifi a ciki, saboda madara tana kwasar wari kamar me.

Sai babbar tambaya: a sayo askirim ɗin ne, ko a haɗa a gida?

Na saye ya fi sauƙi, kuma da shi na fara. Na ɗauko roba biyu a wani shago, na hau babur da tsakar rana, kafin mu iso Yelwa gefensa ya fara ruwa. Da na buɗe a gida sai na ga ashe tun a shagon ya taɓa narkewa ya sake daskarewa: ya janye daga jikin robar, samansa ya yi ƙaiƙayin ƙanƙara, a baki kuma garas-garas kamar an zuba yashi. Wannan ya wuce batun ɗanɗano. Kayan madara da suka narke suka daɗe a zafi suna tara ƙwayoyin cuta, sake daskarewa kuma ba ya kashe su, ga shi yara ne za su ci. Kayan nan daga nesa ake kawo yawancinsu, sun sha hanya kafin su iso arewa. Don haka in za ki saya, zaɓi shagon da kika san yana da janareta, ki matsa robar ki ji ta da tauri ko'ina, ki duba ko murfin ya yi danƙo, sannan ki tafi da kularki da ƙanƙara a ciki tun daga gida. Ki karanta jikin robar ma. In kin ga an rubuta rhum, da giya a ciki. In kin ga gélatine, wato sinadarin kauri da ake yi da fata ko ƙashin dabba, ba tare da an faɗi ta wace dabba ba ce, ni dai nakan mayar.

Na gida shi nake zaɓa yanzu, kuma ba ya buƙatar inji ko ƙwai. Abu biyu ne: rabin lita na kirim ɗin bugawa, da gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, na giram 397 ɗin nan. Ki buga kirim har ya tashi ya tsaya, ki zuba madarar a hankali kina juyawa daga ƙasa. Iskar da kika buga a ciki da sukarin madarar su ke hana shi zama dutse a firiza.

A wurin sayen kirim ɗin ne mata da yawa ke faɗuwa. Kwalayen suna kama da juna a kanta, Président ne ko Elle & Vire, amma ki nemi wanda aka rubuta entière, mai maiƙo kashi 30 cikin 100 ko sama. Wanda aka rubuta légère na miya ne, ko kwana za ki yi kina bugawa ba zai tashi ba. Ko mai kyaun ma sai ya kwana a firij, kwanon da abin bugun su ma a sanyaya su, a buga da asuba kafin rana ta ɗaga. Matsalarsa tsada, kuma ba kullum ake samunsa ba. Madadinsa garin shantili na fakiti, wanda ake bugawa da madara mai sanyi. Ya fi arha, ba ya lalacewa a ɗaki, ya fi jure zafi, sai dai man itatuwa ne a ciki, yana barin wani ɗan santsi a ganɗa, ga shi da sukarinsa, don haka rabin gwangwanin madara ya ishe ki. Yara ba sa bambancewa, kakarsu ce kawai ta gane.

Wata ƙawata ta ce, "Hajiya, ga Nido, ga nonon Fulani sabon tatsa, me ya kai ki kwalin Turawa?" Na gwada. Madarar gari da ruwa da sukari kawai, abin da ke fitowa ƙanƙarar leda ce irin ta 'yan makaranta, wuƙa ba ta yanka ta. Ɗanyen nono kuma dole a tafasa shi tukuna, kuma ruwansa ya yi yawa. Kindirmo mai kauri da aka tace a ƙyalle ya kwana yana ɗiga, shi kam yana shiga, ki maye rubu'in kirim da shi, yana ba da ɗan tsami mai daɗi musamman da mangwaro.

Gindin gaton fa? Biskit ya fi komai rufin asiri. Ki daka Marie ko Petit Beurre, ki haɗa da narkakken bota, ki danna a ƙasan kwano da gindin kofi. Ba kunna tanda, ba ƙarin zafi a kicin. In lallai sai da ainihin gato a tsakiya, yi mai laushin nan na ƙwai da aka buga, ko wanda aka yi da man gyaɗa, ki yanka shi siriri. Gaton bota yana ƙanƙarewa a firiza, haka ma kwalliyar bota da sukari, don haka da bugaggen kirim za ki shafe saman.

Na ɗanɗano kuwa kada ki wahalar da aljihu. Afrilu mangwaro ya cika kasuwa, ki niƙa nunanne marar zare ki tace, shi ne na hawan farko. Hawa na biyu cokali uku na Tartina, cakulan ɗin nan na shafa wa burodi, ko ki narkar da cakulan Mambo. Na uku sukarin banila na ɗan fakiti ya wadatar. Ɗanyen abarba da gwanda ki bar su, suna sa madara ɗaci in sun jima tare.

Kwanon musamman mai buɗewa ta gefe yana da daɗin aiki, amma ban ga dalilin sayensa don biki ɗaya ba. Tukunya mai faɗin santimita 20 da kika shimfiɗa wa leda mai tsabta, bakinta ya zarce waje don ki ja, ta isa yara goma zuwa goma sha biyu. Kowane hawa ki ba shi kamar awa biyu ya kama kafin ki zuba na gaba, duka kuma ya kwana. Ki fara kwana biyu kafin bikin, saboda wutarmu ba ta san ranar haihuwar kowa ba, ki jera robobin ruwa daskararru kewaye da tukunyar.

Ranar bikin, sai bayan la'asar na sa aka zaunar da yara, aka raba faranti da cokula, aka kunna kyandir a kan wani ɗan gato daban, 'yata ta hura, aka tafa. Sannan na fito da na askirim a kan tiren da ya kwana a firiza, da wuƙa a cikin kofin ruwan zafi. Kafin in kai ga yaro na ƙarshe, hawan mangwaro ya fara gangarowa gefen tire, ƙanenta yana tarewa da yatsa.